Ranar da Keken Kaka Ya Tsaya

Kaka ba ta iya tafiya da ƙafafunta. Tana da keke mai batir. Da ta danna maɓalli, sai ya gungura da ita duk inda take so.

Ranar da za a ba jikarta Auta kyauta a makaranta, Kaka ta ce ko ana ha-maza-ha-mata sai ta je. Baba ya cika batirin da caji.

Kaka na cikin shiri, ƙawayen Auta biyu suka shigo.

"Auta, ɗana mu a keken Kaka mana!" suka ce.

Auta ta hau keken, su kuma suka ɗale baya. Ta ƙure gudu. Suka yi ta hawa tudun ƙofar gida suna dariya.

"Ai ba mu daɗe ba," in ji Auta a ranta. "Batirin nan wuni yake yi."

A hanyar makaranta keken ya soma jan jiki. Can sai ya tsaya cik.

"Ikon Allah!" in ji Kaka. "Yau ya riga ni gajiya?"

Baba ya ce, "Ni fa da hannuna na cika shi."

Idon Auta ya kawo ruwa. Ta faɗi abin da suka yi.

Baba bai yi faɗa ba. Ya ɗaga gorar ruwan da ke hannunsa.

"Batir kamar gorar nan yake. Abin da ke ciki ke nan, ba ƙari. Injin keken shi ne mai sha. In Kaka ce kaɗai, a hankali, kurɓa yake kaɗan-kaɗan, sai a wuni. Amma ga nauyi, ga gudu, ga tudu? Kwankwaɗa zai yi, nan da nan ta ƙare."

"Kaka, ki yafe mini."

"Na yafe, 'yar nan. Share hawayenki, ki zo ki zama injina."

Baba ya sakar wa tayoyin birki. Shi da Auta suka yi ta turawa, gumi na zuba. Suna shiga makaranta aka kira Auta. Tafin Kaka ya fi na kowa ƙara.

Tun daga ranar Auta ta gane cewa abin da wani ya dogara da shi ba abin wasa ba ne. Kafin ta taɓa, sai ta tambaya.