Gwiwar Wa?

Ku matso, ba zan ɗaga murya ba. Ni dai ban yarda da waɗannan abubuwa ba, kun sani. Abin da Baffa Jatau ya faɗa min zan faɗa muku.

Rani ne, kogi ya ja baya har ya zama abin tausayi. Naƙuda ta kama matarsa, ungozoma kuma tana ƙetare. Ya tura kwalekwale shi kaɗai da tsakar rana.

A tsakiyar kogi jirgin ya zauna a kan yashi. Ya tokara gora, bai motsa ba. Ya sauka ya tura, ruwa iya idon sawu. Ya ja, ya zagi yashin, ya zagi ranin. Yana ɗan kuɓuta, ya sake kafewa.

Sai ya ji an ce, "Sannu da fama, mai jirgi."

Kan mutum ne a gefen kwalekwalen. Kai kawai, ruwa iya wuya. A wurin da ko agwagwa sai ta taka ƙasa. Gashinsa a bushe. Baffa ya ce ya lura da hakan, amma yana sauri.

Mutumin ya ce, "Ruwa kake so?"

Baffa ya yi masa gatse, "A'a, malam, shan iska na fito."

"Iya ina zan kawo maka?"

Kun san mutanen kogi da jiki suke auna ruwa.

"Iya gwiwa ya isa."

"Gwiwar wa?"

Haushi ya riga ya cika Baffa. Ya ce, "Taka mana. Wa ke nan bayan kai?"

Sai mutumin ya fara miƙewa. Kafaɗa ta fito, ƙirji ya fito. Bai gama ba. Inuwarsa ta rufe jirgin, ruwa na bin sa a hankali, babu ko ƙara. Baffa ya sunkuyar da kai, ya kama filafili, bai waiwaya ba.

Ya kawo ungozoma. An haifi Lantana lafiya, ga ta can tana barci. Amma kafin la'asar ruwa ya shanye albasar duk wanda ya yi shuka a bakin kogin, har da tasa.

Na ce masa dam aka buɗe. Na je na tambaya, aka ce a watan nan ko ɗigo ba su saki ba. Wataƙila sun manta.

Duk da haka, kada ɗayanku ya tura jirgi shi kaɗai in ruwa ya janye. In kuma an tambaye ku gwiwar wa, ku ce taku.