Dankalin da Ya Yi Kore a Taga

Akwai wata yarinya da a gidansu ake ce mata Mazari, don ba ta iya zama wuri ɗaya. Ko tana cin abinci, ƙafarta tana rawa.

Mama tana da ƙaramin ciki, ko ƙamshin girki ba ta so. Saboda haka Mazari ce take taimakawa a kicin.

A makaranta Malama ta ce shuka tana son haske. Da Mazari ta dawo gida, sai ta ga dankalin turawa a cikin kabad mai duhu. Tausayi ya kama ta. Ta kwashe shi duka ta jera a bakin taga.

Bayan 'yan kwanaki dankalin ya yi kore, ya fito da tsiro. Ta tsorata, amma ba ta gaya wa kowa ba. Ta fere shi sama-sama, ta soya, ta kai wa Mama.

Mama ta ci kaɗan, ta yamutsa fuska.

"Anya? Wannan da ɗaci-ɗaci."

"Bakinki ne, Mama," in ji Mazari, tana kallon ƙasa.

Can da rana Gwaggo ta zo. Ita ma'aikaciyar jinya ce, idonta ba ya barin komai. Ta ga koren ɓawo a kwandon shara.

"Wa ya ci wannan?"

Mazari ta tashi, ta zauna, ta sake tashi.

"Mama ce. Ni na sa shi a rana, ni na soya."

"Haba 'yata! Dankali in ya sha haske ya yi kore, guba yake tarawa. Masu bincike ma suna zargin tana iya taɓa ƙashin bayan jariri tun yana ciki. Ba su tabbatar ba tukuna, amma wa zai yi gwaji da ɗansa?"

Suka tafi asibiti. Mama ta shiga wurin likita, Mazari ta tsaya a waje. Benci ya gagare ta zama. Ta je bakin ƙofa, ta dawo, ta leƙa, ta ciji yatsa. Tsoro take ji ƙwarai. In wani abu ya sami jaririn fa?

Da ƙofa ta buɗe, ta ruga da gudu.

"Likita, na cuci ƙanena?"

Likita ta dafa kanta. "Abin da Mama ta ci kaɗan ne. Za ta ci gaba da shan maganin masu ciki, mu kuma za mu riƙa dubawa. Da kin faɗa tun farko, ai ko loma ɗaya ba za ta ci ba."

Mazari ta fashe da kuka. "Ki yafe mini, Mama."

"Na yafe. Gobe in abu ya ba ki tsoro, ki tambaya."

Watanni suka wuce, Mama ta haihu. Mazari ba ta tsaya kallon fuskar jaririn ba.

"Gwaggo, juya min shi!"

Gwaggo ta yi dariya ta juya shi. Mazari ta shafa ɗan bayansa daga wuya har ƙasa. Lafiya lau yake. Sai ta karɓe shi ta zauna shiru, ƙafarta ko motsi.

Tun daga ranar dankali a duhu yake kwana, wanda ya yi kore kuma shara ake kai shi. Mazari ta gane cewa ɓoye kuskure ya fi kuskuren haɗari.