Cokalin Fulawa a Ranar Ekadashi

A wani ƙauye a bakin kogin Bima, a ƙasar Indiya, an yi wata yarinya mai son a yabe ta. Sunan ƙauyen ya kwanta mini, amma ina tuna da damina ce.

Ranar babbar Ekadashi ce, wato ranar azumin mabiya addinin Hindu. Sau biyu a kowane wata kakarta tana wannan azumi. Ba shinkafa, ba alkama, ba kowane irin hatsi. Sau ɗaya take cin abinci, shi ma sai na rogo ko gyaɗa ko dankali. Tun tana amarya ba ta taɓa karya shi ba.

Mama ta jiƙa tsakin rogo don ƙosan Kaka.

"Ki murje dankali ki haɗa," in ji ta. "Zan kai ruwa wa masu ziyarar ibada da za su wuce ta nan."

Yarinya ta kwaɓa, sai kwaɓin ya yi ruwa. A waje kuma ga ganguna, ayarin masu ziyara ya kusa wucewa, ita kuwa tana son ta je kallo. Ta duba hagu, ta duba dama, ta zuba cokalin fulawar alkama don kwaɓin ya yi kauri. Ƙosai ya soyu jawur.

Kaka ta zauna a tabarma, ta dubi ƙosan.

"Kai! Yau malalaciyar gidan nan ce ta yi girki? Anya zan kwana lafiya?"

Yarinya ta yi dariyar yaƙe. Kaka ta rufe ido ta yi addu'a, ta ɗauki ƙosai guda, ta nufi baki da shi.

"Kaka, tsaya! Akwai fulawa a ciki!"

Kaka ta ajiye shi a hankali.

"Kaɗan ce fa," in ji yarinya tana kuka. "Ba wanda zai gane."

"To ke ba kowa ba ce? Ai kin sani."

Mama ta shigo, ta ji abin da ya faru. Tsakin rogo kuwa ya ƙare.

"Babu kallo yau," in ji ta. "Hura wuta ki dafa dankali."

Yarinya ta hura wuta, hayaƙi yana shiga idonta. Ta soya gyaɗa, ta daka. Kafin ta gama, ƙarar ganguna ta yi nisa.

Kaka ta cinye dankalin tas, ta lashe yatsu.

"Gishiri ya yi kaɗan, ja'ira. Amma azumina yana nan lafiya. Zo nan."

Ta share mata hawaye da gefen zaninta.

"Ba ki yi fushi ba, Kaka?"

"Da kin yi shiru, da na ci, kuma da ba zan ƙara sakin jiki da girkinki ba. Yanzu kuwa ko guba kika ce babu, na yarda. Ekadashi mai zuwa ke za ki dafa mini."

Yarinya ta rungume ta.

Yara, in an ba ku amana, kada ku yi ha'inci don sauri. In kuwa kun yi kuskure, ku faɗa tun kafin ya cuci wani.