Shuɗiyar Wayar da Ta Zama Igiyar Tsalle

Akwai wata yarinya mai yawan mafarki da rana tsaka. In ta kalli akwatin intanet na falonsu, sai ta ga kamar fararen tsuntsaye na fita daga cikinsa. Suna ɗaukar saƙo har teku, inda Baba yake aiki a jirgin ruwa.

Wata shuɗiyar waya ce ta haɗa akwatin da kwamfuta. Wata safiya yarinyar ta ce a ranta, "Mai fiffike me zai yi da igiya?" Ta zare wayar, ta fita tana tsalle da ita. Kwamfuta kuwa ta ci gaba da aiki ta iska.

Da yamma Baba ya kira ta bidiyo. Yau zai fara ganin ƙaninta Auta yana takawa, kuma jirgi ya kusa tashi. Kawu ya zauna gaba-gaba, yana gyara sabuwar hularsa.

Auta ya saki kujera, ya ɗaga ƙafa. Sai hoto ya tsaya cak.

Da ya dawo, Baba ya ce, "Ban ga Auta ba. Kawunku kawai na gani, baki buɗe."

"Ni? Baki buɗe? A gaban abokan aikinka?" Kawu ya dafe ƙirji. "An zubar min da girma, ni da hulata!"

Yarinyar ta lumshe ido, ta kasa kunne. Can a kicin Mama na ɗumama madarar Auta a na'urar ɗumama abinci. In na'urar ta fara gurnani, hoto ya tsaya. In ta yi shiru, ya dawo.

"Mama! Na'urar ɗumama abinci ce ke korar tsuntsayen!"

Mama ta leƙo. "Ita da akwatin hanya ɗaya suke bi a iska, sai su yi ta karo. Shi ya sa Babanki ya sa waya. Ina take?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta ruga ta ɗauko ta. Ta goge ƙurar, ta mayar da ita.

Hoto ya fito tar. Auta ya taka, ya ƙara takawa, ya faɗa jikin Kawu, ya cafke hular.

Baba ya yi ta dariya har da hawaye.

"To, wannan ma a gani!" in ji Kawu, kansa ba hula.

Tun ranar, yarinyar ba ta cire abu sai ta tambayi amfaninsa. Tsuntsayenta kuwa, a kan shuɗiyar waya suke jeruwa.