Muryar Arne a Cikin Ganga

"Sake kunnawa," in ji Lorna, riƙe da sandunan ganga a ɗakin ɗaukar sauti.

Corwin ya sake kunna tef ɗin. Ganga na nan. Amma inda ya kamata muryar yayanta Arne ta shigo, kukan jita ne kawai.

Wata biyu ke nan da jirgin kamun kifin da Arne ke wa aiki ya nutse da shi a hanyar Alaska. Wannan ce waƙarsa ta ƙarshe a faifan ƙungiyarsu ta kiɗa, kuma sau ɗaya ya rera ta.

Corwin, mai jitarsu kuma mai ɗaukar sauti, wanda zoben baikonsa ke yatsanta, ya yi bayani kansa a ƙasa. So ya yi jitar ta fito a juye, daga ƙarshe zuwa farko, kamar sauti a mafarki, sai ya kifa tef ɗin. Tef mai layi ashirin da huɗu kuwa, kowane sauti da layinsa, in an kifa shi, na ashirin da uku, inda muryar Arne take, kan koma na biyu. Ya manta. Ya ɗora jita a kan muryar Arne, ta goge.

"Lorna, masoyiyata..."

"Kar ka kira ni haka."

Ta ajiye zoben a kan na'urar, ta fita cikin yayyafin birnin Seattle.

Gil, ɗayan mai jitar, wanda ya daɗe yana sonta, bai yi sanya ba. Ya je har gida ya faɗa wa mahaifiyarta cewa da gangan ne, dama Corwin na son rera waƙar da kansa. Tsohuwar ta ce wanda ya sake binne mata ɗa ba zai taka mata gida ba.

Mako uku Lorna ba ta amsa wayar Corwin ba. Wata safiya ta je ɗakin ɗaukar sautin kwashe gangunanta, sai ta tarar da shi, ya rame.

"Minti huɗu kawai," ya ce. "Daga nan ki tafi."

Ya kunna tef ɗin, ya kashe kowane layi, ya bar na makirufon da ke saman gangarta.

Can ƙarƙashin kiɗanta, wata siririyar murya, kamar daga wani ɗaki...

Arne ne.

Sai ta tuna. Ranar ya ƙi shiga ɗan akurkin da mawaƙa ke shiga a ɗauki muryarsu, ya ce shi ba kifin gwangwani ba ne, ya tsaya dab da ita ya rera. A ƙarshen waƙar ma an ji dariyarsa: "Kin cika sauri, Auta."

Lorna ta zauna a ƙasa.

"Gil ya ce kai kake so ka rera," ta faɗa a hankali.

"Babu wanda zai ɗora murya a kai. Haka za ta fita, ko da mutane sai sun kasa kunne."

Da rana ta kai wa mahaifiyarta kaset ɗin waƙar. Tsohuwar ta manna kunne a rediyon kicin, ta saurara sau uku, tana share ido da gefen riga. Sannan ta leƙa ta taga.

"Wancan da ke tsaye cikin ruwa fa?"

"Corwin ne, Mama."

"Ce masa ya shigo. Miyar kifin na hucewa."