Dariyar Mama a Hawa na Uku

Ranar da Auta ta fara shiga gidan talabijin ɗin, ba miji ta je nema ba, dariya ta je nema.

Mai gadi ya tura ta ofishin shirye-shirye, ofishin ya tura ta ƙasa. Ta bi wani dogon lungu mai cike da tsofaffin wayoyi har ta iske wani ɗan ɗaki da aka manne bangonsa da soso. A ciki wani siririn saurayi ne zaune gaban na'ura mai maɓallai rututu, ya toshe kunnuwansa da hedifon. Shi ne mai haɗa sauti, kowa a gidan Kunne yake ce masa, wai ko ƙuda ne ya gifta a faifai sai ya ji shi. Sallamar mutane ce kawai ba ya ji, don sai da Auta ta yi ta har ta gaji kafin ya waiwayo.

"Ki yi haƙuri," in ji shi, ya miƙe yana neman inda zai ajiye hannuwansa. "Wa kike nema?"

"Na ji an ce za a dawo da Hawa na Uku."

Hawa na Uku wasan barkwanci ne da aka daɗe ana yi kafin a dakatar da shi shekarun baya. Labarin wasu 'yan haya ne a bene ɗaya, Dillali da Likitan Bogi da Matar Mai Gida, ba mai nufin wani da alheri, kullum wannan na shirya wa wancan gadar zare, bakinsu kuma bai bar babba ba bai bar yaro ba. Mutane su wuni suna tsine musu, lokacin wasan na yi kowa ya nemi wurin zama.

"Za a dawo da shi," Kunne ya ce. "In aikin fitowa kike so, a sama ake rubuta suna."

"A'a. Dariyar nan da ake ji a bayan wasan nake tambaya. Ta da ɗin za ku saka, ko sabuwa?"

Tunda ya fara aiki ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar. Ya dube ta sosai, a karo na farko.

"Akwai ta mahaifiyata a ciki," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Tun kafin a haife ni aka gayyaci mutane su zo su yi kallo a ɗauki dariyarsu, ta biyo wata maƙwabciyarmu. Ita ake ta maimaitawa duk shekarun nan. In an zo wurin sai ta ce mana, ga ni nan. Ta rasu, kuma ba mu da muryarta a ko'ina."

Kunne ya jawo mata kujera, ya ɗora mata hedifon ɗin, ya danna wani maɓalli. Dariyar jama'a ta cika mata kai, sai can daga gefen hagu wata ta taso ta fi sauran tsawo, ta ƙare da ɗan jan numfashi kamar shaƙuwa. Auta ta dafe bakinta, hawaye suka zubo. Shi kuwa ya juya mata baya yana ta gyara wayar da ba abin da ya same ta.

Da ta nemi ya tura mata a waya, ya ce kayan ma'aikata ne, ba a fita da su, amma duk ranar da ta so ta zo ta saurara. Ko dokar ta kai tsananin da ya faɗa, Allah ne masani. Ta dai riƙa zuwa duk ranar da ta tashi da wuri daga makarantar da take koyar da yara, har ta kai wani lokacin sai ta kusa gida take tuna ba a ma kunna faifan ba.

Wata safiya saƙonsa ya shigo: "Autata, an sa ranar fara wasan. Darakta ya so a sayo sabuwar dariya, na ce ta da ta fi rai. Na yi miki alkawari Mama za ta yi dariya a falonku ranar farko."

Ta mayar masa: "Allah Ya bar min kai, Kunnena. Yanzu saura Baba."

Baba mai gyaran agogo ne, mutum mai nauyin baki, wanda ko 'ya'yansa ba su san kalar haƙoransa sosai ba. Tun rasuwar matarsa ya sa aka lulluɓe talabijin da mayafi. Yayyen Auta duk sun yi aure sun tashi, daga shi sai ita a gidan. Ta same shi a shago da gilashi maƙale a ido ɗaya, ta durƙusa ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta kai ga maganar.

"Me yake yi a gidan talabijin ɗin?" ya tambaya ba tare da ya ɗago ba.

"Shi yake haɗa sautin Hawa na Uku."

Baba ya cire gilashin ya ajiye a hankali.

"Mutumin da yake wuni yana sauraron maƙaryata da marasa kunya, me kike zaton zai kawo miki gida? Ba da yawuna ba, Auta. Ga ɗan aminina mai kemis, ya daɗe yana yi min magana."

Mai Kemis ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya. Yawan magana ne da shi, kuma shi a ganinsa babbar kyauta ga budurwa ita ce kwalbar maganin ƙarin jini. Auta tana gaishe shi da ladabi, zuciyarta kuwa tana can ɗakin soso.

Ranar da za a fara wasan, da yamma, ta yi ƙarfin hali ta yaye mayafin. Baba ya dube ta, ya tashi ya shige ɗakinsa, amma bai rufe ƙofar duka ba. Kiɗan da ta sani tun tana yarinya ya tashi. Dillali ya fito ya yi furfura, halinsa na nan yadda yake, yana ƙoƙarin bai wa mutum biyu hayar ɗaki ɗaya. Jama'ar faifai suka kwashe da dariya. Auta ta karkata kunne hagu tana jira. Aka yi ta biyu, aka yi ta uku, har wasan ya ƙare sunayen 'yan wasa suka fara hawa. Dariyar kowa na nan, ta Mama ce kawai babu.

Ta ɗauki waya ta rubuta: "Kunne, ina Mama?"

Amsar ta jima kafin ta zo: "Ni na cire ta da hannuna. Ba zan iya gaya miki dalili ba. Ki yafe min, Autata."

"Kada ka ƙara kira na da wannan sunan."

Ya kira bai samu ba, ya sake kira, daga baya ya haƙura. Mai Kemis da ya ji labari sai ya samu abin faɗa. Ya ce ai mutanen nan ƙarya ce sana'arsu, wanda ya zauna da Dillali me zai hana shi iya dillanci. Abin ya yi wa Auta ciwo ƙwarai, don ba ta da abin da za ta kare Kunne da shi.

Duk da haka kowane mako sai ta zauna gaban talabijin. Ba ta kallon wasan, ba ta dariya, kai kawai take karkatawa hagu har a gama. Ta rame, abinci ma sai Baba ya yi magana. Wata rana bayan an gama wasan ta je ta durƙusa a bakin ƙofarsa.

"Baba, na amince da Mai Kemis, tunda shi kake so."

"Kin amince, ko kin gaji?"

Baba ya daɗe yana kallon agogon hannunsa kamar bai san karatunsa ba.

"Ni na je wurin yaron nan," ya ce. "Ni na ce ya cire dariyar. Na kuma ce kada ya gaya miki, na zaci kwana biyu zai yi ya fasa ƙwan don ya wanke kansa. Bai fasa ba."

"Baba, don me?"

"Shekarun da na yi da uwarku, Auta, ban taɓa jin ta yi wannan dariyar a gidan nan ba. Murmushi take min, ta ce sannu da zuwa, ta kawo ruwa. Dariya irin wannan sai a akwatin talabijin, saboda wasu 'yan iska, duk gari na ji. Kullum aka sako ta sai in ji kamar ana gaya min ni ne na kasa. Tana raye na daure. Yanzu da ba ta nan ba zan iya ba."

Auta ba ta taɓa ganin idon mahaifinta ya kaɗa haka ba, ko ranar rasuwar. Tausayinsa ya kama ta har ya danne haushin da ta zo da shi.

"Ki kira shi," Baba ya ce. "Na zalunce shi."

Washegari da hantsi Kunne ya zo, shi ma ya zube kamar wanda ya tashi daga jinya. Ya durƙusa ya gaida Baba, bai ko ɗaga ido ya dubi Auta ba. Da Baba ya fara maganar ba da haƙuri sai ya tare shi.

"Baba, kada ka ba ni haƙuri, ni ɗanka ne. Amma akwai abin da na riƙe, na rasa yadda zan kawo maka. Da zan cire dariyar, sai da na nemo ainihin faifan ranar da aka ɗauka, wanda ba a yanke ba. Na ji tsoron in kawo a lokacin ka ce cin hanci ne."

Ya fito da ƙaramar kwamfuta ya miƙa wa Baba hedifon. Baba ya ce a'a, a kunna kowa ya ji.

Aka ji hayaniyar mutane da jan kujeru. Aka ji Dillali, da muryarsa ta samartaka, yana ta gyaran murya, ya yi ya sake, wai zai yaba wa wani girki amma bakinsa ya ƙi. Sai dariyar ta taso daga hagu, doguwa, ta ƙare da jan numfashin nan. A nan ake yankewa kullum. Wannan karon faifan ya ci gaba, aka ji muryar mace kusa da makirfo tana haki tana cewa:

"Wayyo cikina. Wallahi baban yara sak. Haka yake yi in abinci ya yi masa daɗi, ya yi ta gyaran murya ya kasa faɗa. Ni kuwa da na ji ya fara na san na iya. Allah Ya bar min shi."

Baba ya buɗe baki zai yi magana, sai ya yi gyaran murya. Ya sake yi. Sai ya ji kansa, ya tsaya cak, ya rufe fuskarsa da tafin hannu, kafaɗunsa suna girgiza. Auta ta kasa gane ko kuka yake ko dariya, ta rarrafa ta dafa gwiwarsa tana yin duka biyun.

Da ya samu kansa ya dubi Kunne.

"Ka mayar da ita cikin wasan, kowa ya ji. Amma wannan maganar ta ƙarshe tawa ce, kada ta fita."

"In sha Allahu, Baba."

"Ka kuma turo manyanka."

A bakin ƙofa, da za ta raka shi, Auta ta kasa haɗa ido da shi.

"Na ce kada ka ƙara kira na da wani suna."

"Na ji. Ban ƙara ba."

"To na janye."

"Autata," ya ce a hankali, kamar mai gwada makirfo.

Mai Kemis ya yi fushi na ɗan lokaci, daga baya ya aiko da katan ɗin maganin ƙarin jini gudummawa. Aka ɗaura aure cikin rufin asiri, 'yan wasan Hawa na Uku suka zo gaba ɗayansu, Dillali ya zauna a gefen Baba da ladabi kamar ba shi ba.

Da za a tafi da amarya, Baba ya kira su biyun ɗakinsa, ya kama hannun Auta ya sa a na mijinta.

"Ga ta nan. Ban ce ka tara mata duniya ba. In ta yi abin kirki ka faɗa mata da bakinka tana ji, kada ka tsaya gyaran murya irin nawa, don ba kowa ake ajiye wa faifai ba. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, Ya jiƙan wadda ta haife ki."

Suka amsa da amin, kawunansu a ƙasa.