Ɗalibin Kujerar Baya

Ƙarfe goma na safe bangon falon Dokta Sabi'u Tofa ya yi haske, fuskar Dattijo, na'urar koyarwa, ta bayyana, da farin gemu da rawani. A daidai lokacin fuskar nan ta bayyana a gidaje dubu arba'in na birnin Sabuwar Gaya, domin tun shekarar 2088 Jami'ar Allo ta mayar da azuzuwanta rumbunan ajiyar batir. Na'urar ta yi minti hamsin tana bayanin injin tace ruwa mai aiki da hasken rana, sannan ta yi tambayar da ta saba.

"An gane?"

"An gane, Malam," in ji Rumasa'u, 'yar Dokta, kanta a sunkuye.

Ma'aunin gamsuwa da ke gefen allon ya nuna kashi casa'in da tara. Wannan ma'auni yana tattara amsar ɗalibi da muryarsa da gyaɗa kansa, ya aika wa hukumar jami'a. Dokta ne ya ƙera shi, shi ne kuma ya ƙera Dattijon. Shekara goma sha ɗaya aikin ya ci, ya tafi da gashin kansa ya bar masa tumbi. Yana alfahari da ma'aunin fiye da yadda yake yi da tumbin, duk da cewa tumbin ya fi faɗin gaskiya.

Sai dai Rumasa'u ta faɗi jarabawar gwajin hannu sau biyu. In ta faɗi na uku, korarta za a yi.

"Zo nan, uwata," ya ce bayan allon ya mutu. "Ina ruwan yake bi in ya fito daga matatar farko?"

Ta shiga murza bakin mayafi.

"Ba yanzu kika ce kin gane ba?"

"Baba, mutum da farin gemu ya yi ta bayani har minti hamsin. Da wane ido zan kalle shi in ce ban gane ba?"

"Na'ura ce fa. Ni na saka masa gemun."

"To ai kai ka saka."

Dokta ya zauna. Gaskiya ne, shi ya dage a yi wa na'urar kamannin tsoho don yara su girmama ta. Sun kuwa girmama ta. Shekara uku ma'auninsa yana auna tarbiyyar 'ya'yan mutane, shi yana kai rahoto cewa ilimi ne.

Ya tuna nasa zamanin, lokacin da ake zama a benci. Akwai wani Tanko a bayan aji, wanda ba a taɓa gama bayani bai ɗaga hannu ba. Aji ya kwashe da dariya, malami ya yi tsaki ya maimaita, kowa ya sunkuya ya rubuta amsar a ɓoye. Har da Sabi'u, wanda dariyarsa ta fi ta kowa ƙarfi. Rabin digirinsa na Tanko ne, bai kuma taɓa yi masa godiya ba.

A mako biyu ya ƙera ɗalibin bogi, ya dasa shi a kowane darasi. Ba shi da fuska, sai murya daga ƙasan allo. Ya nemi wanda zai ba da aron murya, ma'aikatansa duk suka ce suna da iyali. Dole ya sa tasa.

"Malam, a gafarce ni, ni fa tun daga bututun farko na ɓace."

Dattijo ya maimaita. Ɗalibai suka yi dariya, suka raɗa wa muryar suna Ɗan Baya. A mako na uku sai ga wata ta ce, "Malam, ni ma irin matsalar Ɗan Baya gare ni." Daga nan tambayoyi suka ɓarke. Darasin minti hamsin ya koma awa biyu, gamsuwa ta faɗo kashi sittin da ɗaya.

Shugabar jami'a, Farfesa Indo Kibiya, ta kira shi ofis.

"Dokta, da casa'in da taran nan muka zama na ɗaya a nahiyar nan. Yanzu ɗalibai har ƙorafi suke yi."

"Ranki ya daɗe, da ma suna da shi. Wurin ajiye shi ne babu."

Aka sauke shi daga shugabancin sashe, aka cire hotonsa daga ƙofar shiga. An so a cire Ɗan Baya ma, amma kyakkyawan sakamakon gwajin hannu ya riga takardar umarnin isowa, sai aka yi kamar an manta. Rumasa'u ta kwance injin ta mayar a gaban masu jarabawa, ruwa ya fito garau.

Ranar Juma'a Dokta ya tsaya sayen lemo a tashar jirgin sama-da-titi. Yana buɗe baki, matashiyar da ke sayarwa ta ɗago kai.

"Baba, don Allah sake magana."

Ya sake.

"Kai ne Ɗan Baya! Wallahi kai ka fitar da ni." Ta ƙara masa lemo uku, ta dube shi da tausayi. "Amma Baba, kai har yanzu ba a yaye ka ba?"

Dokta ya tuna shekara goma sha ɗayan da ya yi yana son a kira shi uban ilimin zamani. Ya karɓi ledarsa.

"Ana dai ta fama, 'yata," ya ce.